Zubaidatu da Famfon da Ba a Buɗe Ba

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, cikin watan Zulƙida, Allah Ya karɓi ran ƙanwata kuma taubashiyata, Dakta Zubaidatu Ja'afaru, a gidan mijinta da ke Palladan, bayan jinyar da ta ci wata biyu. Ina zaune a rumfar wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Samaru, ina ta zuba gardamar da ba za ta ƙare ni da komai ba, sai ga wayar mijinta, Alhaji Ridwan. Ko sallama bai iya yi ba. Ya ce, "Yaya Umaru, Zubaidatu ta cika." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. An yi mata sutura bayan la'asar, aka kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi.

Zubaidatu, mahaifiyata da mahaifinki ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna yara a Samaru ba mu taɓa yin magana miƙaƙƙiya ni da ke ba. Ina ce miki baiwata, kina ce mini Sarkin Gardama. Na yi ritaya daga koyar da tarihi, kin zama dakta a jami'a kina koyar da kimiyyar ruwa, furfura ta fito mana, amma ko a gidan makoki muka haɗu sai an harare mu mun yi shiru. Yau ga shi zan faɗi abin da na ga dama a kanki ba tare da kin mayar mini da biyu ba. Na daɗe ina neman wannan nasara, kuma da ta zo ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Wanda bai san ki ba, da jakarki zai fara gane ki. Jakar sauran mata turare ke ciki da goro da 'yar tasbaha, taki kuwa ƙananan kwalabe ne ke ƙara a ciki kamar ta mai tallan man zafi. Ranar bikin 'yata ta fari, mutane na shigowa da gudunmawa, ke kuwa na same ki a bayan gida kin tsugunna gaban duron da masu girki ke ɗiba kina cika kwalba. Na ce kowa ya kawo, baiwata ita kaɗai ta zo kwasa. Kika ce ai gidan marowaci ko ruwa aka samu an ci riba. Bayan mako guda kika dawo, kika ja ni gefe inda iyalina ba za su ji ba, kika ce rijiyata ta yi kusa da masai ɗin maƙwabta, kuma shi ya sa cikin yaran gidana ba ya zama lafiya. Na yi musu, don hali zanen dutse ne. Ba ki biye mini ba. Kika turo mai haƙa, kika tsaya a kansa har aka sake wuri, kuma har kika koma ga Allah ban ji kin ba wani wannan labari ba.

Haka kike da kowa. Ɗalibanki da ke haya a lungunan Samaru sun san tukunyar gidanki fiye da yadda suka san ofishinki. Masu ƙananan masana'antun ruwan leda na Sabon Gari, waɗanda da farko suke ɓuya in sun hango motarki don sun zaci rufe su kika zo yi, su ne daga baya suke jiranki da kujera da lemo, domin sun gane gyara kike kawowa, kuma ba ki taɓa tona asirin kowa ba. A can ne ma kika samo Bolanle, ɗalibarki ta dā, haifaffiyar Sabon Gari wadda mahaifiyarta ke sayar da kwakwa a kasuwa. Hausar bakinta ta fi ta 'ya'yana. Ita ta zama hannunki na dama a ɗakin gwaji, kuma Mama take kiranki. Ranar aurenta kika zauna a harabar coci tun safe da lulluɓinki, kina raba wa baƙi abinci kamar 'yarki ake aurarwa.

Amma abin da ya ci ranki a shekarunki na ƙarshe shi ne ruwan Unguwar Tsamiya, wata 'yar unguwa a gefen ƙauyen Jama'a inda ƙawar marigayiya mahaifiyarki, Iya Nana Khadija, take zaune. Rijiyoyin unguwar ƙafewa suke da rani, masu burtsatse kuma sun gwada sun ci karo da dutse. Abin da ya rage musu shi ne wani tsohon tafki da ƙorama ke zuba a ciki, ta biyo ta gonaki da makiyaya ta kwaso ruɓaɓɓen ganye da karan dawa da kashin shanu. Mata su ɗebo, su jefa alif a randa laka ta kwanta, su ɗiga maganin kulorin har sai ya yi wari, su ce ruwa ya gyaru. Kin je gaida Iya Nana aka kawo miki shi a kofin silba, kika ga launinsa kamar shayin da bai ji ganye sosai ba. Kin sha, don ba a ƙin ruwan uwa, amma kin fito da kwalba cike.

Ni kika fara yi wa bayani, ina jin don kin san in kika shawo kaina to kin shawo kan kowa. A zaurena kika karɓi kofin shayina, kika barbaɗa yashi a ciki, ina salati. Yashin ya kwanta a ƙasa. Kika ce, "Wannan shi ne aikin alif. To, Sarkin Gardama, cire mini launin." Kika ce abin da ganye da kashi suka bari bayan sun ruɓe narkewa yake a ruwa, ku masana kuna kiransa kabon, kuma alif kaɗan yake iya kamawa. Abin da ya fi tayar miki da hankali shi ne in kulorin ya tarar da shi a ruwa, haɗuwarsu na haifar da wasu sinadarai da ba sa kayar da mutum yau ko gobe, sai dai su yi ta cin jiki a hankali shekara da shekaru. Wato matan nan, garin kare 'ya'yansu daga gudawa, suna haɗa musu wata cutar da hannunsu, kuma iya yawan warin maganin iya kwanciyar hankalinsu. Kika ce dole a fara cire ruɓar tukuna, sannan a sa kulorin ɗan kaɗan a ƙarshe. Na ce na ji, amma a biya ni shayina.

Shekaru kika yi kina sintiri kafin wurin tace ruwan ya tsaya. Kin zauna da mai unguwa da kwamitin masallaci har suka gaji suka yarda. Mazan unguwa suka yi gayya suka ɗora bulo, aka kewaye fili a bakin tafkin, aka gina tankuna uku a jere. A na farko laka ke kwanciya. Na ƙarshe cike yake da wani gawayi na musamman da ku da Bolanle kuka ƙona daga ɓawon kwakwar da mahaifiyarta ke tara muku da ƙodagon goriba, shi ke tsotse ragowar launi da wari. Na tsakiya kuwa yashi ne kawai a kan tsakuwa, ruwa na ratsa shi a hankali dare da rana. Daga nan bututu ya fita waje zuwa famfo mai baki huɗu, wanda kika sa wa akwatin ƙarfe da kwaɗo. Kika kafa doka a gaban kowa cewa ba za a buɗe shi ba sai gwajin Bolanle ya nuna ruwan ya tsarkaka, kuma ya maimaita nunawa.

Wata rana kika ɗauke ni a mota wai za ki nuna mini abin mamaki. Na leƙa tankin tsakiya na ga wata gansakuka mai yauƙi, tsakanin kore da ruwan ƙasa, ta lulluɓe fuskar yashin. Na toshe hanci na ce ashe duk karatun nan ƙazanta aka koyo. Fuskarki kuwa kamar an yi miki albishir da kujerar Makka. Kika ce, "Wannan ƙazantar ita ce babbar ma'aikaciyata." Kika ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a cikinta, abincinsu shi ne ruɓar nan da ta narke, su cinye ta kafin ruwa ya wuce. Ba a sayen su a kanti, ba a gaggauta su. Makonni suke ɗauka kafin su kafu, kuma ba sa son bushewa, ba sa son sabulu, ba sa son kulorin. Tun daga ranar na sauya miki suna zuwa Uwar Gansakuka, kika karɓa da hannu biyu.

Duk wannan bayanin kin yi wa kwamiti shi a ƙofar masallaci, maza zalla, suna gyaɗa kai. Matan unguwa, waɗanda su ne masu ɗiban ruwan, kin ce za ki same su a Islamiyyarsu bayan Sallah ki zauna da su a tsanake, don ba kya son yi musu bayanin tsaye. Kin ɗauka akwai lokaci. Mu ma duk haka muka ɗauka.

Da azumi ya shigo, ciwon dajin da kika daɗe kina ɓoye mana ya kayar da ke, aka kwantar da ke a asibiti. Ina wurin ranar da Bolanle ta shigo ɗakin da sauri har tana mance gaida mutane, ta ce gwaji ya yi kyau, kuma ya sake yin kyau. Kika tashi zaune, abin da kika kwana biyu ba ki yi ba, kika ce a faɗa wa mai unguwa za a buɗe famfo a makon Sallah, kuma ko a kan keken marasa lafiya ne sai kin je. Bolanle za ta tafi garin iyayenta bikin Ista, za ta kuma tsaya jana'izar kakarta, saboda haka ta bar mabuɗin shingen a hannun Iya Nana, wadda gidanta ke jikin wurin, don a riƙa leƙawa kada ruwa ya yanke. Mabuɗin famfo kuwa ta tafi da shi.

Abin da ya biyo baya, babu wanda zan ɗora wa laifinsa, kuma na yi ta neman wanda zan ɗora wa ban samu ba. Labari ya iso unguwa cewa za a sallame ki kafin Sallah. Lokacin kuwa goman ƙarshe ne, lokacin da kowace mace ke fitar da kayan ɗakinta, a wanke randuna, a goge kwanuka, a share har bayan gida. Iya Nana ta buɗe shinge ta leƙa tankin tsakiya, ta ga abin da na gani. Ta yi salati ta ce ashe haka maza suka bar aikin yarinyar nan ya lalace tana kwance. Ta bi gida gida. Matan nan, da azumi a bakinsu, cikin zafin bazarar da ko kare ba ya fita, suka tsiyaye tankin, suka kankare gansakukar da marfin kwano, suka kwashe yashin a daro a daro, suka wanke shi da omo, suka ɗauraye da bilic, suka shanya a tabarmi har ya bushe ƙarau, sannan suka mayar. Ragowar bilic ɗin suka tuttula a ciki don ya ƙara haske, ya gangara har cikin gawayin. Kwanaki suka yi suna wannan aiki. Manyan kwamiti suna i'itikafi a masallaci. Wanda ya wuce ya ga mata da tsintsiya da bokitai, sannu da aiki ya yi musu, ya sa musu albarka ya wuce.

Ni na ɗauko ki daga asibiti ranar jajibiri, ke da 'yarki Naila. Na nufi Palladan kika ce a'a, sai mun fara biyawa ta Tsamiya. Muna shan kwana muka ji guɗa. Matan unguwa sun cika bakin shingen, an share wurin an yayyafa ruwa, har turaren wuta aka kunna. Naila ta riƙe ki kika taka a hankali har bakin tankin tsakiya. Warin bilic ne ya fara tarar mu. Kika leƙa, na leƙa. Yashi fari fat kamar shinkafar biki.

Na ga yadda yatsunki suka damƙe bakin tankin. Kin daɗe ba ki ɗago ba. Iya Nana ta matso tana murmushi ta ce, "Ɗiyata, mun wanke miki shi tas. Mun ce ba za ki dawo ranan Sallah ki tarar da ƙazanta a wurinki ba." Ni da na san abin da aka yi, bakina ya riga ya buɗe. Kika ɗago, ba ni kika kalla ba, hannuwan Iya Nana kika kalla, da na matan da ke bayanta, duk sun saɓule sun yi fari saboda bilic. Kika kama hannunta da naki biyu kika ce, "Allah Ya saka da alheri, Iya. Tunda nake ban taɓa ganin yashi mai haske irin wannan ba." Suka sake rangaɗa guɗa.

Sai da muka hau kwalta kika fashe da kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinki ba ko ranar da aka binne Kawu, mahaifinki. Na taka birki na ce wallahi sai na koma na faɗa musu abin da suka aikata. Kika ce, "Yaya, don Allah kada ka faɗa musu yau. Bari su yi Sallarsu. Ba su san komai ba, ni ce ban je na gaya musu ba." Tun da muka yi wayo ba ki taɓa kirana Yaya ba tare da kin laƙa wata tsiya a bayansa ba sai ranar. Na ja mota muka tafi gida.

Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake faɗa, amma ban taɓa ganin inda rashin sani ya zo da ƙauna mai yawa haka ba, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. Da mugunta aka yi, da mun sami wanda za mu tsine wa mu huce. Da bayanin nan na ƙofar masallaci ya tsallaka katanga ya shiga cikin gidaje, da ko mutum ɗaya cikin masu gyaɗa kai ya koma ya ba matarsa labari a kan tuwon dare, da kin ga ruwanki yana zuba a bokitin mutane da idonki. Maza goma sha wani abu suka ji, babu wanda ya ga abin ya kai a faɗa wa mace, alhali ita ce mai randa. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take, kuma ga mu duk mun juyo muna kallonta.

Bayan Sallah kika cika alkawarin da kika ɗauka. Aka ɗauke ki aka kai ki Islamiyyar matan, aka ajiye miki kujera a tsakiyar tabarmi. Naila ta ba ni labari, don ni ba a bar ni na shiga ba. Ta ce muryarki ba ta fita sosai, sai da kowa ya yi tsit. Kin yi musu bayanin shayi da yashi, kin yi musu na halittun da ke cin ruɓa, ba ki ambaci abin da ya faru ba ko da kalma ɗaya. Ba ki kai ƙarshe ba Iya Nana ta gane. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, sauran ma suka sunkuyar da kai, wata ta fara shessheƙa. Kika ce musu kuka ba ya tsiro da gansakuka, kuma daga yau su kika naɗa masu gadinta, tunda kin ga da idonki cewa babu abin da zai gagare su in sun sa kansu. Naila ta ce har dariya kika ba su kafin a fito da ke.

Bolanle ta dawo ta tarar da abin da ya faru, ta zauna a ƙasa a bakin tankin ta ɗora hannu a ka. Sannan ta tashi ta ɗaura ɗamara. Aka kawo sabon yashi, matan nan dai su suka ɗauraye shi, wannan karon da ruwa zalla. Aka sake ƙona gawayi. Aka saki ruwa, aka koma jira daga farko. Sai kuma ruwan sama na fari ya sauka, ƙorama ta kwaso duk dattin rani ta juye a tafkin, abin ya ƙara ja baya. Ke kuma jikinki kullum ƙara tafiya yake. Duk wanda ya shigo duba ki daga wajen Tsamiya, kafin ya gama ya jiki kin tambaye shi, "Ta fito?" Ya ce ta fara. Ki ce a bar ta, kada a dame ta.

Mutanen kwamiti sun zo har gida, da kyakkyawar niyya. Suka ce ruwan da ke fita yanzu a ido garau yake, ya fi na randunansu nesa ba kusa ba, a buɗe mana ko don ki gani ki sa albarka. Kowa a ɗakin ya san abin da suke nufi da ko don ki gani. Kika ce ido ba ya ganin abin da kike tsoro, kuma in aka buɗe yau don a faranta miki, gobe za a buɗe don a faranta wa wani. Kika juya wajen Bolanle kika ce, "Ko bayan raina, kada ki ba da mabuɗin nan sai gwaji ya yarda." Ta ce to, Mama. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na ji kin yi a kan aikinki.

Ranar da kika rasu, kafin azahar sai ga Iya Nana ta iso Palladan da matan Tsamiya a cikin Keke Napep biyu, kowace da sabon bokiti. Ita ake kira wankan mata in an yi rasuwa a unguwarsu, kuma ta roƙi Alhaji Ridwan ya bar ta ta yi miki, ya amince. Ta ce amma da ruwanki za a wanke ki, ruwan da kika ƙare ranki a kansa, ba da na wani ba. Aka nemo Bolanle, tana rakuɓe a bakin ƙofa idanunta sun kumbura. Ina tsaye a zaure, komai a kunnena aka yi.

Bolanle ta ce, "Iya, gwajin shekaranjiya bai yi ba. Saura kaɗan, amma bai yi ba."

Iya Nana ta ce, "Ɗiyata, ai ba sha za a yi ba. Bokiti uku kawai, mu mayar da kwaɗon."

Bolanle ta ciro mabuɗin daga jakarta. Ba ta miƙa ba, ba ta kuma mayar ba. Ta ce, "Ta ce kada in bayar. Amma ke uwa ce. In kin ce in bayar, ga shi."

Babu malamin da zai ce wannan ruwa bai halatta a yi wanka da shi ba, kuma na tabbata da an buɗe babu mai cewa uffan. Ni kaina a zuciyata ina cewa karɓi mana, Iya. Tsohuwar nan ta kalli mabuɗin. Sannan ta kai hannu ta naɗe yatsun Bolanle a kansa, ta tura mata hannun ta ce, "Mayar. Sau ɗaya mun yi mata abin da ba ta sa mu ba saboda muna son ta, mun ga inda ya kai mu. Ba za mu ƙara ba." Ta juya ta ce wa matan su ajiye bokitan.

Rijiyar gidan ta ja baya, babu kuma wutar da za ta ja ruwa zuwa tanki. Ɗanki Ameer ya fita titi ya tsayar da mai kurar ruwa. Da ruwan jarka aka wanke ki, Zubaidatu, ruwan da ba mu san daga inda aka ɗebo shi ba, irin wanda da kina da rai da sai kin cika kwalba da shi kafin ki bari a taɓa. Ina kallo ana shiga da jarkokin ɗaya bayan ɗaya, na juya na fuskanci bango, don ban so yara su ga abin da idona ke yi ba.

Har ranar da nake wannan rubutu kwaɗon yana nan a jikin akwatin. Matan Tsamiya sun raba kwana a tsakaninsu, kullum akwai mai zama a bakin shingen, kuma ko yaro ya zo wucewa da sabulun wanki sai an sa shi ya canza hanya. Bolanle na zuwa da kwalabenki tana ɗiba. Ta ce an kusa. Mutanen unguwa suna nan suna shan ruwan tafki da alif, sun dai rage kulorin kamar yadda kika koya musu, kuma babu wanda ya sake zuwa neman a buɗe.

Ya Allah, ga baiwarKa Zubaidatu ta zo gare Ka, ba ta da kowa sai Kai. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wajen tambaya. Yadda ta rufa asirin bayinKa, Ka rufa nata ranar da asirai ke tonuwa. Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, tsira da amincinKa su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Ka haɗa ta da iyayenta a Aljannar Firdausi.

Alhaji Ridwan, kai ka san abin da ka rasa fiye da yadda alƙalamina zai iya faɗa, Allah Ya ba ka haƙuri Ya saka maka jinyar da ka yi. Ameer da Naila, Allah Ya raya ku a kan halinta, ƙofata kuma a buɗe take gare ku ko da yaushe. Bolanle, ke ma uwa kika rasa, muna yi miki ta'aziyya kamar yadda ake yi mana. Iya Nana da matan Tsamiya, ta yafe muku tun a bakin tanki kafin ku san akwai abin yafewa, ku ma ku yafe wa kanku. 'Yan'uwa da abokan aikinta da ɗalibanta na Samaru da Sabon Gari, Allah Ya ba mu juriyar rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Ke kuma baiwata, na 'yanta ki yau, ba don na so ba. Allah Ya nufe mu da ganin ranar da za a cire kwaɗon nan, Ya sa ladan kowane bokiti da za a tara a bakinsa ya iske ki inda kike. Amin.